Malami Ma Yana Bukatar Mai Duba Masa Allo

Ka rubuta wa ɗan aji uku 52, ka ce ya ɗebe 17. Akwai amsar da za ka yi ta cin karo da ita a firamarorin cikin birnin Kano, daga Gwale har gindin Dala, ita ce 45. Amsar gaskiya 35 ce. Amma yaron da ya rubuta 45 ba daƙiƙi ba ne, ba kuma cinke ya yi ba. Ya dubi 2 da 7, ya ga bakwai ba ta fita daga biyu, sai ya juya su ya cire biyu daga bakwai ya sami 5, sannan ya cire ɗaya daga biyar ya sami 4. Yana da ƙa'idarsa, karkatacciya ce kawai. Yarinyar da ta rubuta wannan amsa da safe kuwa, da la'asar za ka tarar da ita da farantin talla a bakin Kasuwar Kurmi, an sayi na naira 150 an miƙa mata 500, ta zaro 350 ta bayar ba tare da ta lanƙwasa yatsa ko ɗaya ba.

Malamin da ke tsaye gaban yara sama da 100, alli a hannu, rabinsu a kan benci rabi a ƙasa, da wuya ya gano haka. Zai ja jan biro a kan 45 ya wuce littafi na gaba. Ba shi da laifi. Ido biyu gare shi, kuma darasin minti talatin da 'yan kai ne.

Ni malamin firamare ne, a cikin badala aka haife ni, a ciki kuma na yi kusan dukan aikina. Abin da na gani shi ne, babu ma'aikacin da ya kai malamin aji zaman kaɗaici. Likita yana zagayen marasa lafiya tare da abokan aikinsa. Magini yana da na kusa da shi da zai ce masa layin nan ya karkace. Malami kuwa da ya shiga aji shi ke nan, sai a yi shekara ashirin babu wani babba da ya zauna ya ga yadda yake koyarwa, in ban da sufeto. Shi ma sufeton rajista da littafin tsara darasi ya zo dubawa, ya sa hannu ya tafi.

A wata makarantar da na koyar, malaman aji ɗaya zuwa uku muka ɗauki al'adar zama ranar Alhamis bayan an tashi yara. Sharaɗin farko shi ne kowa ya zo da littattafan aikin ɗalibansa, kuma kada ya tsinto na masu ƙoƙari. Sai mu baza su a kan tebur. A irin wannan zama ne wata dattijuwar malama, wadda duk muke ce wa Hajiya, ta jera littattafai daga azuzuwa uku ta ce, "Malamai, ku dubi nan. Yaran nan ba su haɗa baki ba, amma kuskurensu ɗaya ne." Kowannenmu ya sha ganin 45 a ajinsa. Sai da aka ajiye su gefe da gefe sannan ta zama abin tambaya.

Daga nan muka tsara darasi guda ɗaya tare. Aka yanke shawarar amfani da tsinken tsintsiya, a ɗaure goma-goma da roba. Ɗauri biyar da tsinke biyu sun zama 52. In aka ce wa yaro ya ba da 17, zai ba da ɗauri ɗaya, ya nemi bakwai ya ga biyu kawai ke gabansa, dole ya kwance wani ɗaurin. Da hannunsa zai ga inda goman ta tafi. Mun daɗe muna gardama a kan abubuwan da mai kallo daga waje zai ɗauka ƙanana ne: da wace lamba za a fara, wace tambaya za a yi kafin a raba tsinken, me malami zai ce idan yaro ya ɗaga hannu ya ce 45, zai gyara masa nan take ko zai sa wani yaron ya gwada da tsinke a gaban kowa. Wani matashin malami da bai daɗe da fitowa daga kwalejin Sa'adatu Rimi ba shi ya dage a kan cewa mu rubuta amsoshin da muke zaton yara za su bayar tun kafin mu shiga aji. Da farko an ga kamar ɓata lokaci ne. Daga baya shi ya fi komai amfani, don malamin da ya san kuskuren da ke tafe ba ya ruɗewa in ya iso.

Ranar darasin, mutum ɗaya ya koyar, biyu suka tsaya a baya da gefen taga da takarda a hannu. Aikinsu su kalli yara. Kowa ya zaɓi 'yan ɗalibai ya bi su: me suka yi da tsinken, me suka rubuta, a daidai ina suka daina saurare. Abin da suka kawo wurin zama bai yi wa kowa daɗi ba. Rabon tsinke kaɗai ya cinye kusan rabin lokacin. Layukan baya ba sa jin muryar malami saboda hayaniyar ajin da ke maƙwabtaka. Babban abin kuma, yaran da suka sami 35 da tsinke, da aka koma littafi sai da yawansu suka sake rubuta 45. A wurinsu tsinke wasa ne, lissafin littafi kuma wani abu daban.

Muka sake ɗinke darasin. Aka ƙulla tsinken a leda tun kafin yara su shigo, rukuni-rukuni, kowane rukuni da shugabansa. Aka kuma tsara cewa duk motsin da aka yi da tsinke sai an rubuta shi a allo a daidai lokacin: aka kwance ɗauri, a soke 5 a rubuta 4, a mayar da 2 ta zama 12. Wata malama ta koyar da shi a nata ajin, wanda ya koyar da farko ya koma baya ya zama mai kallo. Ba zan ce duk yaran suka gane ba. Amma da muka sake baza littattafai bayan wasu makonni, 45 ta ragu ƙwarai, waɗanda suka rage kuma mun san su da suna.

Haka aka yi da karatun Hausa a aji ɗaya. Ajin da ka ji yana rera ba, be, bi, bo, bu har rufin kwano yana amsawa, sai ka rantse sun iya. Mai kallo ne ya lura cewa yara da yawa ba allon ma suke kallo ba. Da aka yanka kwali aka rubuta gaɓoɓin ɗaya-ɗaya aka gauraya su, sai aka ga hadda ce, jerin suka riƙe. Wata malama kuma ta gano dalilin da ya sa wasu ke karanta "ka" a matsayin "ak", suna kuma buɗe littafi daga baya: sun fara da makarantar allo, idonsu ya saba tashi daga dama. Wannan ba ciwo ba ne, nuni ɗaya zuwa biyu yake so. Sai dai in ba a gano shi ba, sai a shekara ana kiran yaro mara ƙwaƙwalwa.

Duk wanda ya tashi a birnin nan ya san wannan hanya, ko da bai taɓa danganta ta da boko ba. Kakana alaramma ne. A tsangaya ɗalibi ba ya fara haddar abin da ya rubuta a allo sai an yi masa darasu, an bi rubutun harafi-harafi an gyara wasali da ɗauri. Abin da ya fi burge ni shi ne manyan ma ba su fi ƙarfin haka ba. Alarammomi masu furfura sukan haɗu su yi musaffa, wannan ya ja karatu sauran suna saurare, in ya yi tuntuɓe a ɗaga shi nan take, kuma wanda ya ɗaga shin yana iya zama sa'an ɗansa. Mahaddacin da ya rubuta Alƙur'ani da ka ba ya ɗinke shi sai ya kai wa wasu alarammomin sun duba. Ba a taɓa jin wani gwani ya ce an ci masa mutunci don an gyara masa aya ba. A zaurukan ilimi ma haka abin yake tun zamanin da Wangarawa suka zo a mulkin Sarki Yaji, Madabo ta zama cibiyar karatu: almajirai su yi muɗala'a kafin darasi, su yi muraja'a bayansa, malamai su kai wa juna mas'alar da ta shige musu duhu. Almajiran Malam Muhammadu Salga, irin su Shehu Atiku Sanka da Malam Tijjani Usman Zangon Barebari da Malam Sani Kafinga, a irin wannan cuɗanya suka tashi. To me ya sa jikan alaramma, da zarar ya riƙe takardar NCE, sai ya ga abin kunya ne abokin aikinsa ya zauna a bayan ajinsa?

Ƙasar da ta fi shahara da wannan a makarantun zamani ita ce Japan. Tun shekarun 1870, lokacin da suka kafa makarantar horon malamai a Tokyo tare da firamaren gwaji a jikinta, malamansu suka saba da tsara darasi tare, ɗaya ya koyar sauran su kalla, a zauna a tattauna, wani lokaci a gayyato masani daga waje ya yi magana a ƙarshe. Darasi ɗaya yakan ɗauke su makonni. Duniya ta farga da abin ne sosai a 1999, da wasu masana biyu daga Amurka, James Stigler da James Hiebert, suka fitar da littafi bayan nazarin bidiyon darussan lissafi da aka ɗauka a azuzuwan Amurka da Jamus da Japan. Abin da suka nuna shi ne, bambancin yana cikin salon koyarwar da kowace ƙasa ta gada, kuma Japan tana da hanyar gyara nata salon kaɗan-kaɗan daga cikin aji. A ƙasar Sin ma tun shekarun 1950 kowace makaranta tana da rukunin malaman darasi ɗaya da ke zama a kai a kai, kuma zaman yana cikin lokacin aikinsu. Kada wani ya ce ai waɗannan masu kuɗi ne: Zambiya ta fara nata a 2005 da taimakon hukumar JICA ta Japan, ta kuma yaɗa shi zuwa lardunanta.

Mu ma iskar ta kaɗo mana. A 2006 JICA ta shigo da shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya a firamare, aka fara da jihohin Kaduna da Neja da Filato, kuma ginshiƙinsa shi ne malami ya tsara, ya aiwatar, ya duba abin da ya faru, ya gyara. Daga 2008 zuwa 2017 shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya yi aiki a jihohi shida, Kano da Jigawa da Kaduna da Kwara da Legas da Inugu. Shi ya kawo mana littattafan darussa shiryayyu na karatu da lissafi, ya sa aka mayar da wasu jami'an ƙananan hukumomi masu tallafa wa makarantu, aka kuma ɗora wa hedimastoci nauyin shiga aji su kalli darasi da kiran taron ƙara wa juna sani a cikin makaranta. A Sakkwato da Bauchi shirin Mu Karanta ya riƙa haɗa malamai su zauna su tattauna darussan karatun Hausa. A 2019 aka fara KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, da haɗin gwiwar British Council da hukumar ilimin bai-ɗaya ta Kano, wato SUBEB, inda aka riƙa gwada yara a raba su bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro. Bayan su kuma shirin PLANE ya zo Kano da Kaduna da Jigawa.

Ba na raina ko ɗaya daga cikinsu, na amfana da wasu. Amma ga abin da idona ya gani. Duk abin da ya zo da mota mai tambari da alawus, ranar da motar ta daina zuwa shi ma sai ya fara ja da baya. Mun saba da bita: a kwashe malamai kwana uku zuwa wani babban ɗaki, a yi ta jawabi, a ci shinkafa, a sa hannu a karɓi na mota. Ranar Litinin malami ya dawo ajinsa mai yara 120 ya tarar babu abin da aka faɗa da ya yi daidai da wurin, ba kuma wanda zai tambaya. Bita tana da ranarta, musamman in sabon abu ne za a koyar. Amma ilimin yadda za a koyar da ɗebewa ga waɗannan yaran, a wannan ɗakin da rabin tagoginsa babu murfi, yana hannun mutanen da ke shiga ɗakin kullum, sai dai a warwatse yake. Hajiya tana da wani yanki, sabon malami yana da wani. Zama ne kawai ke haɗa su, kuma zama ba ya cin kuɗin dizal.

Abin da yake ci shi ne lokaci, nan kuma gizo ke saƙar. Wasu makarantun cikin birni kashi biyu suke yi, 'yan safe da 'yan rana, ana fitar da waɗannan ana shigo da waɗancan, ko ɗakin zama babu. Albashi ba ya kai wata, don haka da an tashi wannan ya nufi Kantin Kwari, wancan ya karɓi Adaidaita Sahu, malama kuma girki da Islamiyyar yamma suna jiranta. Duk wanda ya ce wa irin waɗannan mutane su ƙara awa ɗaya kyauta saboda kishin ilimi, zai sami mutum uku a makon farko, ɗaya a na huɗu. Namu zaman ya daɗe ne don hedimastanmu na lokacin ya gyara jadawali, ya rage mana wani abu ya ba mu wannan. Da aka canza masa wurin aiki, zaman ya fara tsallake makonni.

Sai kuma kunya da girma. A garin nan yaro ba ya buɗe baki ya ce wa sa'ar mahaifiyarsa darasinta bai tafi daidai ba, kuma ba na fatan ranar da zai iya. Mun kauce wa wannan da 'yan ƙa'idoji. Wanda ya koyar shi ke fara magana, ya faɗi abin da shi ya gani. Masu kallo kuma ba sa cewa "Malama, kin yi kaza." Sukan ce, "Hajiya, yaran da ke layin taga, da aka zo wajen kwance ɗauri, na ga uku sun tsaya." Magana a kan yaro take, kuma da yake tare aka tsara darasin, in ya faɗi na kowa ne ya faɗi. Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci: abin da aka gani a wannan kallo ba ya shiga fayil ɗin kowa, ba ya isa ofishin sakataren ilimi. Ranar da malamai suka ji ƙanshin cewa da shi za a auna ƙarin girma ko canjin wurin aiki, ranar za a koma wasan kwaikwayo, a zaɓo yara masu ƙoƙari a zaunar gaba, a maimaita darasin da aka riga aka koyar jiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai mai kayan ya tabbata ba rabawar aka zo yi ba.

Akwai masu cewa matsalar ta fi haka zurfi, wasu malaman su kansu ba su iya abin da suke koyarwa ba. Gaskiya ne, akwai su. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi, ta sallame su. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan mataki. Ni dai abin da na sani, na zauna da malamin da bai gane dalilin da ya sa ake soke 5 a rubuta 4 ba, haka aka koya masa haka yake koyarwa. Ba zai taɓa ɗaga hannu a ɗakin bita mai mutum 200 ya faɗi haka ba. Amma a gaban tsinken tsintsiya, cikin mutum biyar da ya saba da su, na ga ya yi shiru yana kwance ɗauri, sannan ya ce, "Ashe nan goman take tafiya." Ba wanda ya ɗaga kai ya kalle shi, aka ci gaba da aiki. Ko an kori malamai ko an ɗebi sababbi, wanda ya rage a aji sai ya sami inda zai koyi abin da ya kuɓuce masa ba tare da an tozarta shi ba.

Haɗuwar malamai don gyaran aikinsu ba baƙon abu ba ce a tarihin bokonmu. Malam Aminu Kano, ɗan unguwar Sudawa da ya fara karatu a Shahuci, bayan ya dawo daga karatun koyarwa a Landan shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, tun kafin jam'iyyar NEPU. Yau ƙungiyar malamai ta fi ƙarfi wajen maganar albashi da ƙarin girma, kuma haƙƙinta ne. Ina dai jiran ranar da za ta sa awar zaman malamai cikin abubuwan da take nema.

A 2019 gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, yara suka ƙaru a azuzuwa. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ana gyaran gine-gine, ana raba benci, ana ɗaukar malamai. Duk ana bukatarsu, wanda ya koyar da yara a kan siminti ba zai raina benci ba. Roƙona ga SUBEB da sakatarorin ilimi na Birni da Dala da Gwale shi ne su rubuta awa ɗaya a kowane mako cikin jadawalin kowace firamare, a cikin lokacin aiki, malaman da ke koyar da aji iri ɗaya su zauna da littattafan yaransu, kuma a ba su damar shiga ajin juna ko da sau biyu ne a zango. Hedimastoci kuwa ba sai sun jira takarda daga sama ba, jadawalin a ofishinsu yake. Ku kuma iyaye, in an kira taron kwamitin makaranta, bayan an gama maganar rufin kwano da banɗaki, ku tambayi hedimasta wace rana ce malaman 'ya'yanku suke zama tare.